Jirgin Guga Ya Iso

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Auta ta zo mana da aku a keji. Toka-toka ne, jelarsa ja, yana kallon mutum da ido ɗaya kamar mai duba tikiti. Ta ce wai ya riƙa ɗebe wa babanta kewa in na tafi aiki, tunda tashar jirgin ƙasa ta ba shi hutu. Hutu suka kira abin. Mutumin da ya tsufa a ɗan ɗakin nan mai gilashi yana gaya wa jama'a jirgin da ya iso da wanda ya makara, har kowa ya manta sunansa sai dai a ce Lasifika, yau shi ne zaune a falo da ƙyalle naɗe a wuya.

Sai da ta bi ni kicin ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Umma, irin wannan ba kalma kaɗai yake ɗauka ba, har muryar mutum yake ɗaukewa. In Abba ya koya masa kafin ranar..."

Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban taya ta ba. Na ce ta miƙo min murfin tukunya.

Talata, da safe kafin in fita

Bari in rubuta sau ɗaya, kada in sake. Likita ya ce ƙarshen watan nan za su yi wa maigidan aiki a maƙogwaro. Za su cire abin. Zai ci, zai sha, zai taka da ƙafarsa in Allah ya yarda. Amma muryar tare za su fita da abin. Yana faɗa yana juya biro a hannu, ni kuma biron nake kallo.

Abu ɗaya nake so tsuntsun nan ya riƙe min. Tun da na fara aiki a shagon wanki da guga, duk ranar da na dawo, ina turo ƙofa maigidan zai sa hannu a baki ya ce da muryar tasha, "Sanarwa, sanarwa. Jirgin guga ya iso, a ba da hanya." Ni kuma in ce Allah ya shirye ka. Ko baƙi ne a gidan sai ya yi, ko faɗa muka kwana da shi sai ya yi. Shi ke nan abin da nake so, ban roƙi da yawa ba.

Auta ta so ta ɗauki muryarsa a waya, ya ƙi. Ya ce shi ba zai tsaya yana yi wa waya magana kamar mai barin wasiyya ba. Aku kuwa ya yarda da shi, wai wannan ko ba komai yana da ido.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

An fara makaranta. Na turo ƙofa, maigidan ya miƙe gaban keji ya sa hannu a baki. "Sanarwa, sanarwa," sai tari ya sarƙe shi, har jijiyar wuyansa ta tashi. Na ajiye jaka na ce, "Yi shiru, ka huta."

Tun farkon abin nan, lokacin muna zaton mura ce, mai kemis ɗin bakin titi ya ce a rage masa magana, muryar ta huta. Na riƙe wannan da hannu biyu. Ba zan iya taɓa abin da ke wuyansa ba, amma zan iya tattalin ɗan abin da ya rage.

Sai ni na zauna gaban kejin na kumbura murya ina kwaikwayonsa. Akun ya karkace kai ya kalle ni, ya ɗaga ƙafa ya sosa wuya. Maigidan ya sa masa suna Malam Shiru.

Alhamis, da yamma

Malam Shiru bai ce komai ba. Gyaɗa kuwa ya ci kamar bashi yake bin mu.

Asabar, ƙarfe uku

Na ƙona wuyan rigar wani mutum a wurin aiki. Fara ce, mai tsada, na bar dutsen guga a kai ina tunanin ban san me ba. Mai Sitati, wadda teburinta ke kusa da nawa, ta fizge rigar ta cusa ƙarƙashin tarin zannuwan gado kafin manaja ya shigo. Ta ce gobe ta ji da ita.

Ita kaɗai na gaya wa zancen akun. Mai Sitati ba ta taɓa rasa magani ba, ko na mene ne.

"Barkono za ki ba shi, ja, mai zafi. Harshensa ne a ɗaure. Ki kuma ajiye masa madubi, in ya ga ɗan'uwansa zai saki baki."

"A ina kika taɓa kiwon aku?"

"Maƙwabcin kawuna ya taɓa."

Na sayo barkonon da madubin duk da haka. Barkono ya cinye tas yana lumshe ido. Madubi kuma ya sassare shi, ya juya masa baya.

Lahadi, da hantsi

Na tafi wurin mai tsuntsayen da Auta ta sayo akun a hannunsa, can bayan rumfunan masu kaji. Tsoho ne, yatsunsa duk tabon cizo. Na ce an sayar mana da bebe. Bai ji haushi ba.

"Baiwar Allah, yaushe ya zo da har zai yi magana? Wani sai ya yi wata uku yana sauraro."

"Ba ni da wata uku."

Ya dube ni, bai tambayi dalili ba, na kuwa gode masa a raina. Ya ce mutum ɗaya ya riƙa faɗa, magana ɗaya, a lokaci ɗaya kullum. Ya ce kada in yi ta cika shi da surutu. Har na juya zan tafi ya ƙara da cewa, "Amma ki sani, ba abin da aka koya musu suka fi ɗauka ba. Abin da suka ji ana faɗa da zafin rai, kullum kullum, shi ke zama musu. Shi ya sa nasu ya fi yawa a zagi."

Na ce gidanmu ba a zagi. Na sayo wa akun ayaba na dawo.

Litinin, da yamma

Maigidan ya kai "sanarwa, sanarwa" yau ma, sai tarin. Na hana shi ƙarasawa, na ba shi ruwan ɗumi. Ya harare ni ta saman kofin.

Malam Shiru bai ce komai ba.

Laraba, ƙarfe bakwai na safe

Ya yi magana, in za a kira wannan magana. Ina banɗaki na ji butar shayi tana fito, na fito da gudu da sabulu a hannu, na tarar ko wuta ban kunna ba. Malam Shiru ne. Fiton buta ya koya, da ƙarar ƙofar kicin da kullum nake cewa a sa mata mai.

Maigidan ya yi dariya har ta koma tari. Ni ban yi ba. Duk muryoyin da ke gidan nan bai ga ta ɗauka ba sai ta buta.

Juma'a, bayan na tashi aiki

Maigidan ya ce in raka shi tasha. Na so in hana, na ga ya riga ya sa hularsa ta aiki.

Muka zauna a bencin da ke ƙarƙashin agogo. Wanda suka sa a madadinsa ta hanci yake magana, yana haɗiye ƙarshen kowace kalma. Wata tsohuwa da ƙullin kaya ta tambaye mu me aka ce, ba ta ji ba. Na duba, na ga leɓen maigidan yana motsi, yana bin sanarwar a hankali, yana tsayawa inda ya kamata a tsaya.

Masu shara da masu dako suka yanyame shi. "Lasifika! Ina ka shige? Tashar nan ta zama kurma da ba ka nan." Ya buɗe baki zai amsa, na taɓa gwiwarsa. Sai ya ɗaga musu hannu kawai, ni na amsa masa gaisuwar duka. A hanyar dawowa bai kalle ni ba ko sau ɗaya, taga ya yi ta kallo.

Na ji zafin abin. Amma na ce a raina gara ya ji haushina da a ce muryar ta ƙare kafin tsuntsun ya ɗauka.

Asabar

Ba komai. Buta, ƙofa, buta.

Lahadi, da rana

Auta ta kira tana tambaya ko an samu ci gaba. Na ce sosai ma, yanzu muna da buta biyu. Ta yi dariya, sai na ji dariyar ta canja, ta ce tana zuwa ana ƙwanƙwasa mata ƙofa. Na san ba wanda ya ƙwanƙwasa.

Na rasa inda zan sa kaina. Na wanke labulen da na wanke makon jiya.

Talata, ƙarfe biyu

Mun je asibiti gwajin ƙarshe. Likita ya tambayi maigidan yadda yake ji, na amsa. Ya tambaye shi barci, na amsa. Sai ya ajiye biron.

"Mama, ki bar shi ya faɗa da bakinsa."

"Likita, hutar da muryar muke yi. Ba na barin sa ya yi magana sai dole."

"Wa ya ce ku yi haka?"

Na ce mai kemis, tun farko. Ya sassauta murya.

"Wannan na mura ne. A nan hutun ba ya ƙara komai, ba ya rage komai. Ki bar shi ya yi maganarsa, Mama. Duk abin da yake so ya faɗa, ya faɗa yanzu."

Ban san yadda na sauko matakalar asibitin ba. A cikin bas maigidan ya matso kunnena ya ce, "Kin ji ko, shugabar masu hana magana." Yana murmushi ya faɗa. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Talata, da yamma

Na zauna kusa da shi na ce to yi magana, ina ji. Ya ce me zai ce. Na ce komai. Ya yi tunani ya ce gishiri ya yi kaɗan a abincin jiya.

Muryar ta riga ta tafi rabi. Iska ta fi yawa a ciki, sai na kara kunne nake ji. Makonnin da take da sauran ƙarfi ni na zauna a kanta. Mutumin da in ya fara labari sai shayi ya huce, yau jimla ɗaya ke gajiyar da shi.

Na ce ya gwada wa Malam Shiru sanarwar, wannan karon ba zan tare shi ba. Ya miƙe, ya sa hannu a baki. Ya kai inda ya saba kaiwa, tarin ya zo, na cije leɓe na ƙyale shi. Da tarin ya lafa ya buɗe baki zai ƙarasa, ba abin da ya fito. Ya sake gwadawa. Ya zauna.

Alhamis

Na ɗauki hutu a wurin aiki. Muna zaune kawai. Wani lokaci ya ce "ruwa", wani lokaci ya ce "kin ga". In na ce na ga me, sai ya girgiza kai.

Malam Shiru bai ce komai ba. Yau na tsaya gaban kejin na roƙe shi kamar mutum, har da don Allah. Ya cije min yatsa.

Litinin, a barandar asibiti

Sun shiga da shi. Auta tana gefena tana latsa waya ba ta ganin abin da take latsawa.

Duk daren jiya ina shirya abin da zan ce masa da abin da zai ce min. Da suka zo da gadon turawa ya yafito ni, na sunkuya. Ya ce, "Kin zuba wa Malam Shiru ruwa?"

Na ce na zuba. Suka tura shi.

Wannan ce ta ƙarshe da na ji da muryarsa, kuma ƙarya na amsa masa da ita. Ban zuba ba, na manta.

Litinin, bayan la'asar

An fito lafiya. Likita ya ce an cire duka. Alhamdulillahi. Na ce alhamdulillahi, kuma har zuciyata na faɗa.

Laraba, da safe

Na zo gida ɗaukar masa kaya. Ina cikin ɗaki ina ninke riguna, gidan tsit, sai na ji tarinsa a falo. Tarinsa sak, har da ɗan jan numfashin da yake yi a ƙarshe. Kafin in tuna komai bakina ya ce, "Ina zuwa da ruwa."

Na fito na tarar da kujerarsa ba kowa. Malam Shiru yana lilo da ƙafa ɗaya.

Na zauna a ƙasa riƙe da rigar na yi kukan da ban yi a asibiti ba. Ashe yana iya ɗaukar muryarsa. Tarin ya zaɓa.

Lahadi

An sallame shi. Ya rame, wuyan a rufe da farin ƙyalle. In yana so na sai ya buga cokali a jikin kofi. Sau ɗaya ruwa, sau biyu ni. Auta ta kawo masa ɗan allo da alli, ya rubuta mata "na gode" ya ajiye shi ƙarƙashin kujera. Shi da rubutu dama ba su taɓa shiri ba.

Talata, ƙarfe huɗu

Mai Sitati ta zo duba shi, da maƙwabciyarmu ta sama. Ana zaune ana jajantawa, kowa yana magana a hankali. Maigidan ya ɗan motsa leɓe zai amsa musu da baki, ya manta. Sai wata murya ta fito daga kejin, ƙarara, da faɗa-faɗa a ciki:

"Yi shiru, ka huta."

Muryata ce. Ban taɓa sanin haka nake ba sai yau. Mai Sitati ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi. Malam Shiru ya ga an yi tsit, ya ji daɗi, ya sake maimaitawa.

Kafaɗun maigidan suka fara rawa. Na zabura na zaci wani abu ne, ashe dariya yake, dariya ba sauti, hawaye na bin kumatunsa. Ya nuna akun, ya nuna ni, ya ɗaga babban yatsa. Ni ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Laraba

Malam Shiru ya faɗa yau ya fi a ƙirga. Na rufe kejin da zane, yana faɗa daga ciki.

Alhamis, da hantsi

Na koma wurin mai tsuntsaye na tambaye shi ko akwai yadda za a yi aku ya manta abin da ya koya. Ya ce babu, sai dai in ya samu sabon da ya fi masa daɗi. Na ce to zan dawo masa da shi, ko kyauta. Ya ce in kawo.

Da na koma gida na sauke kejin na ajiye a bakin ƙofa, na shiga neman mayafi. Ina fitowa na tarar maigidan ya taso da kansa, mutumin da ko kofi aka ce kada ya ɗaga da ƙarfi, yana jan kejin da ƙafa zuwa cikin falo. Na ce za ka fasa ɗinkin. Ya kalle ni, ya ci gaba da ja. Sai da ya kai shi gefen kujerarsa ya zauna yana haki, ya ɗora hannu a saman kejin.

Ban sake ta da zancen ba.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Na koma aiki yau. Rigar da na ƙona, Mai Sitati ta juya mata wuya, mai ita bai ko lura ba. Duk yinin ina guga ina tunanin ƙofar gida. Na tsaya sayen abin da ba na buƙata a hanya don kada in isa da wuri.

Na turo ƙofa. Yana zaune inda na bar shi. Da ya gan ni sai hannunsa ya tafi baki da kansa, ya tsaya a can. Muka kalli juna.

"Sanarwa, sanarwa."

Daga kejin ta fito. Ba muryar tasha ba ce, ta makonnin ƙarshe ce, mai kaushi, mai iska a ciki. Amma tasa ce. Jakata ta zame daga kafaɗa. Na riƙe ƙofar ina jiran sauran.

Sai tarin ya biyo. Sai muryata. "Yi shiru, ka huta."

Malam Shiru ya gyara fuffuke ya koma kan gyaɗarsa. Iya abin da ya ji ke nan kullum a bakin ƙofar nan, iyakarsa ke nan kuma ya riƙe. Ba wanda zai ƙarasa masa sauran da muryar da nake so.

Maigidan bai sauke hannunsa ba. Ya ɗaga min gira, ya buga cokali sau biyu a jikin kofi. Na gane abin da yake nufi. Na ce ba zan iya ba. Ya sake bugawa.

Na sa hannu a baki kamar yadda yake yi. Na ce, "Jirgin guga ya iso, a ba da hanya."

Ya janye ƙafafunsa daga hanya, ya miƙa hannu alamar in wuce. Leɓensa ya motsa a hankali yadda zan gani, na kuwa karanta: Allah ya shirye ki.

Talata, kafin in fita

Na zuba wa Malam Shiru ruwa.